Kantin Kyauta: Mai Biya Daban, Mai Buɗewa Daban

Ana saura kwana 3 ƙaramar sallah, bayan an sha ruwa, wani saurayi ya shigo kantina ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda ya yi ɓatan kai. Ya yi sallama, na amsa. Ya ɗaga kwalbar turare, ya juya gindinta ya ga kuɗin, ya ajiye a hankali kamar ƙwai. Ya ɗauki agogo, shi ma ya mayar. Na ƙyale shi ya zaga sau biyu, don wanda aka tare da tambaya tun daga ƙofa yakan ce dubawa kawai yake yi, ya fice. Da na ga ya fara sosa ƙeya sai na ce, "Ƙanena, wa za a kai wa?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Anti, gaisuwar surukai zan je ran sallah. Ban taɓa zuwa ba." Na tambayi mahaifin yarinyar, ya ce malamin makaranta ne da ya yi ritaya, shi ke jan salla a masallacin layinsu. Mahaifiyarta fa? Tana nan, da abokiyar zamanta. Nan na ɗago na dube shi. Da ban tambaya ba, da yaron nan ya shiga gida mai mata biyu da kyautar mace ɗaya, ya sayi gaba da kuɗinsa tun ba a ɗaura aure ba. Na ce nawa ya ware, ya faɗa ƙasa-ƙasa, kuɗin ko na agogon da ya ajiye ba su kai ba. Muka haɗa wa dattijo darduma mai laushi da carbi da 'yar kwalbar turaren mai. Iyaye mata kowacce turaren wuta iri ɗaya, a kwalba iri ɗaya, ko murfin bai bambanta ba. Sai ledar alawa ta ƙannen yarinyar, waɗanda su za su fara leƙo shi ta taga su kai rahoto cikin gida. Na ɓamɓare takardun farashi ɗaya bayan ɗaya, na naɗe. Ya fita kamar an sauke masa buhu daga ka.

Na kawo muku wannan ne, ƙannena, saboda yawancinku da ke zuwa wurina neman shawarar buɗe kantin kayan kyauta, tambayarku ta farko a ina ake sari, ta biyu jari nawa zai isa. Za mu zo kansu. Amma akwai abin da ya raba sana'ar nan da sayar da shinkafa ko siminti. Mai sayen shinkafa cikinsa zai ci, ya san abin da yake so. Mai sayen kyauta wani zai miƙa wa, abin da ke ransa shi ne fuskar da wancan zai yi in ya buɗe, da maganar da za a yi bayan ya tashi ya tafi. Kunya yake son fita. Ke nan a kowane ciniki mutum biyu kuke yi wa aiki, wanda ya biya da wanda ba za ku taɓa sa wa ido ba. In na biyun bai ji daɗi ba, na farkon ba zai dawo ba, ba kuma zai gaya muku dalili ba.

Kantin ne sabo, al'adar tsohuwa ce. Ku dubi yawan sunayen da Bahaushe ya raɗa wa kyauta, kowacce da ƙa'idarta. Tsaraba ta matafiyi ce, dole ta yi kama da inda aka fito. Toshi na saurayi ne. Lefe daga gidan ango yake fitowa, gara daga gidan amarya. Goron sallah na yara ne da na ƙasa da kai. Tukwici na ɗan aiken da ya kawo ne. Ga kayan barka na mai jego, ga gudummawar biki da mata ke riƙe lissafinta a ka shekara da shekaru, wadda ta kawo miki turmi ba za ki mayar mata da abin da bai kai shi ba. Wanda bai san waɗannan ba, ko ya cika kanti da kayan Dubai har rufi, baƙo ne a sana'ar. Na taɓa ganin an naɗe kayan da za a kai gidan rasuwa da takarda mai ƙyalƙyali da jan zare, don mai kantin ba ta tambayi inda za a kai ba.

Saboda haka ku koyi tambaya kafin ku koyi talla. Wa za a ba? Sama yake da mai bayarwa ko ƙasa, ko tsararsa ne? A gaban mutane za a buɗe ko a ɗaki? Maganar kuɗi ita ce mai wuyar, domin Bahaushe ba ya son a ga gindin aljihunsa. Ni ba na cewa "nawa gare ka". Nakan jera haɗi uku a kan teburi, ƙarami da matsakaici da babba, kowanne an gyara shi tsaf, in ja baya in kama wani aiki. Inda hannunsa ya tsaya, nan ƙarfinsa yake. Kada ku yarda ƙaramin ya yi kama da na talaka. Ɗalibar da kuka mutunta yau da kuɗin kwalbar humra ɗaya, ita ce gobe za ta kawo muku haɗin lefen yayanta.

Sai kalanda, kuma biyu ce a hannunmu. Ta Bature a tsaye take: auren Disamba, bikin yaye ɗalibai wajen Yuli, Kirsimeti ga maƙwabtanmu na Sabon Gari, da 14 ga Fabrairu ga masu yinta, ko da yake a Kano da yawansu ta waya suke oda don kada a gan su. Ta Musulunci kuwa tafiya take yi. Shekararta kwana 354 ce ko 355, shi ya sa azumi da sallah ke matsowa da wajen kwana 11 duk shekara. A 2016 cikin Yuni muka ɗauki azumi, damina na faɗuwa. A 2024 cikin Maris, zafi na tashe. Bisa lissafi, a 2030 sau biyu zai kama, farkon Janairu da ƙarshen Disamba. Wannan ya shafi abin da kuke zubawa a kwandon azumi, domin cakulan da ya zauna lafiya da hunturu, a Afrilun Kano in an ɗauke wuta kunu zai koma a cikin kwalinsa. Rajab da Sha'aban ɗaurin aure ake yi ba ƙaƙƙautawa, kowa na son amarya ta tare kafin a ga wata. Bayan babbar sallah alhazai na dawowa, kuma sirri ne da kowa ya sani cewa huluna da carbi da dardumar tsarabar Makka, da yawansu a nan gida ake sayensu saboda awon kaya a jirgi. Sannan akwai watannin da kasuwa ke kwanciya, musamman lokacin komawa makaranta, sa'ad da duk wani uba ke lissafin kuɗin zango. Hayar kanti ba ta san wannan ba. Daga watanni masu maiƙo ake cire ta a ajiye, ba a taɓa ta. Odar azumi kuma tun kafin Rajab ake yinta, ba a fafe gora ranar tafiya.

To, ga maganar sari. Ba sai kun hau jirgi ba. A nan Kano, atamfa da leshi da shadda suna Kantin Kwari. Biskit da alawa da madara suna kasuwar Singa. Robobin rabo na biki suna Ƙofar Wambai, kayan kicin da na kwalliya suna Sabon Gari. In ƙafa ta yi tsawo a je Legas, Balogun da Idumota. Can gaba akwai Dubai da Guangzhou, da garin Yiwu a lardin Zhejiang na ƙasar Sin, inda dubban shaguna ke sayar da ƙananan kaya a sari, kuma mafi yawan 'yan tarkacen ado da kuke gani a kantunanmu daga irin waɗannan wurare suka taso. Amma mai sabon kanti ba shi da abin yi a can tukuna. Bai san abin da mutanen layinsa ke so ba, zai je ya cika kwantena da abin da shi yake so. Ku fara da dozin ɗaya-ɗaya na abubuwa da yawa, ku ga wanda ke tafiya.

Ciwon sana'ar nan kwantai ne. Bari mu yi lissafi a fili. A ce kun saro kofi 12 a kan naira 2,000 kowanne, kuna sayarwa 3,500. A baki riba ce mai daɗin ji. Amma sai kun sayar da 7 kafin uwar kuɗi ta dawo. Ribar gaba ɗaya tana cikin 5 na ƙarshe, su ne kuma waɗanda ɗaya zai fashe, ɗaya rana ta kashe masa launi a jikin gilashi, sauran yayinsu ya wuce. Ba a sa takardar naɗi da gam da zare da man janareta a lissafin ba. Yara da yawa sukan ɗauki naɗi a matsayin gyara, alhali shi ne rabin abin da aka zo saye a wurinsu, yana kuma cin kuɗi da lokaci. Ku sa shi a cikin farashi. Abin da ya yi wata 6 bai motsa ba, ku karya kuɗinsa ko ku cusa shi cikin haɗi, kuɗin ya dawo ya yi wani aikin. Son kaya ya kashe kantuna da yawa, mai kanti na kallon abu yana cewa ai mai kyau ne, mai shi zai zo.

Waɗanda suka riƙe kanti a 2023 sun koyi wani darasin da ba a koyarwa a aji. A farkon shekarar aka yi ƙarancin takardun naira saboda canjin kuɗi, wanda ba shi da asusun karɓar tiransifa ko na'urar POS ya zauna yana kallon masu saye suna juyawa. Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta, dalar da gwamnati ke bayarwa a kan wajen naira 460 ta haura 1,500 zuwa Fabrairun 2024. Na san masu kantin da suka yi ta murna kaya na ƙarewa a tsohon farashi, da suka koma sari kuɗin hannunsu bai sayi rabin abin da suka sayar ba. Farashin kaya ba abin da kuka saye shi jiya ba ne, abin da za ku mayar da irinsa gobe ne. Faɗinsa da nauyi ga wanda ya saba da ku, amma gara a ce kun yi tsada da a zo a tarar da kanti a rufe.

Bashi kuwa, a wannan sana'ar ya fi na ko'ina wuyar karɓa, kuma akwai dalili. Wanda ya ci bashin firji kullum yana ganinsa a ɗaki, yana tuna masa. Wanda ya ci bashin kyauta ya riga ya miƙa ta, an yi masa godiya, an shi masa albarka, a ransa magana ta ƙare. Ku ne za ku koma masu tayar da tsohon zance. 'Yan uwa da ƙawaye su suka fi yin wannan, ba don mugunta ba. Ni abin da na koma yi shi ne in yi wa ɗan uwa ragi mai kyau ya biya nan take, ko in ba shi kyauta in san kyauta na yi. Tsakanin biyun nan babu komai.

Kafin alƙalami kuma ba rashin yarda ba ne. Na koyi wannan da kofuna 200. Wata baiwar Allah ta zo da kanta, uwar amarya, ta ce a buga sunan ango da amarya da hotonsu a jikin kofuna na rabo. Ta ba da kashi ɗaya cikin uku, ta ce sauran in an kawo. Ganin shigarta da motar da ta sauke ta, na ji nauyin cewa ta ƙara. Na cika da kuɗina aka buga. Ana saura kwana 9 aka fasa auren. Na kira, ta ce in yi haƙuri, Allah bai yi ba, daga nan wayar ba ta sake shiga ba. Kofin da ke ɗauke da fuskar mutum biyu da ba su auri juna ba, wa zai saya? Na rabar da wasu, da sauran muke shan shayi a gida har yau, na san fuskar angon nan fiye da ta wasu dangina. Tun daga ranar, duk abin da za a buga wa suna sai an biya kuɗin da ya ci kafin in taɓa shi. Sunan ma ba na karɓarsa da baki. A rubuto mini ta waya, in mayar a duba a ce haka ne, domin Rukayya da Ruƙayya da Ruqayya mutum uku ne a wurin mai bugawa, kuma kowacce ta san yadda take rubuta nata.

Sauran ƙananan abubuwa ba sai na ja su ba. Ku yi wa sunan kanti rajista a hukumar CAC, kamfanoni ba sa ba da oda ga wanda ba shi da takarda. Asusun kanti daban, na cefane daban. Kada kaya ya fita don an nuna muku alat a wayar mai saye, sai kun gani a taku. Abin ci da na shafawa da kuka saro a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, don ba abin kunyar da ya kai a buɗe kwandonku a gidan mutane a ga madarar ta wuce lokaci.

Yanzu bari mu zo kan yayi, wanda na san shi ya fi ɗaukar hankalinku. Mu da muka girma kafin wayar salula mun san katin barka da sallah. Ana saye, a rubuta baiti biyu na gaisuwa, a fesa masa turare, a ba yaro ya kai. Layukan salula suka shigo Najeriya a 2001, saƙon tes ya fara cin kasuwar katin, WhatsApp ya zo ya binne ta. A 2017 aka yi yayin wata 'yar aba mai fuka-fukai uku da yara ke juyawa a kan yatsa, duniya ta ɗauka, cikin watanni ta mutu, waɗanda kayansu suka iso a makare suka rasa yadda za su yi da katan-katan. Bayanta an yi na manyan kofunan Stanley masu hannu, an yi na cakulan Dubai mai koren ciki da TikTok ya tallata, a 2025 aka yi na 'yar tsanar nan mai haƙora, Labubu, ta kamfanin Pop Mart na ƙasar Sin. Ba na ce ku ƙi yayi ba, yana jawo ƙafa zuwa kanti, wanda ya shigo don shi yakan fita da wani abin. Amma ku san cewa ranar da kuka gan shi a sitatus ɗin mutum goma, kwantenonin kowa suna kan ruwa. Ku sayi kaɗan, ku sayar da wuri, in ya ƙare a hannunku kasuwa na nema, kada ku ji haushi. Wanda ya ƙare da saura shi ne ya yi asara.

Aikin shi ne rarrabe yayi da canjin da ya zo zama. Buga suna ya zo zama, don mutum na son abin da aka yi dominsa shi kaɗai, ko a jikin darduma ne ko a murfin littafi. Haɗi ma haka. Da can mutum zai sayi turare ɗaya ya sa a leda, yanzu akwati ake so an jera abu huɗu ko biyar da suka dace da juna, a buɗe a ɗauki hoto. Wannan ya yi wa ƙaramin kanti daɗi, domin abu ɗaya kowa na iya bincika kuɗinsa a waya, haɗi kuwa idonku ne da hannunku, ba shi da farashi a ko'ina. Sannan mai bayarwa ya yi nisa da mai karɓa. Yawancin manyan odar da nake samu yanzu daga waɗanda ba sa gari ne, ɗa yana Abuja ko Jidda ko Landan yana son a kai wa mahaifiyarsa kayan azumi a Gwale, a ɗauko masa hotonta tana karɓa. Irin wannan ba kaya kawai yake saye ba, wakili yake nema, wanda zai durƙusa ya gaishe ta yadda ya kamata. Ku zaɓi ɗan aikenku kamar yadda za ku zaɓi wanda zai wakilce ku wurin ɗaurin aure. Matsin rayuwa kuma ya juya kyauta zuwa abin amfani. Fitila mai caji, fanka mai sola, shinkafa da mai da sukari a kwando mai kyau, yau sun fi agogon bango farin jini, mai karɓa ba ya ɓoye murnarsa.

Akwai wanda ba na yi, ko nawa za a biya. Furen kuɗi, wato a lanƙwasa sababbin takardun naira a manne su a yi musu siffar fure. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana wulaƙanta naira, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza wata 6 ba ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. Bankin ya ambaci furen kuɗi cikin abubuwan da ya hana, a 2024 kuma hukumar EFCC ta gurfanar da sanannun mutane kan liƙi. Ko ba doka ma, ni ban ga kyansa ba, ambulan mai tsabta ta fi mutunci. Haka zuwa ƙofar gidan mutane da mai busa da mai kyamara da sunan ba-zata. A wani gidan dariya za a yi, a wani gidan kuwa uban yarinya ne zai fito, sunan kantinku ne kuma a jikin kwalin.

Inda nake so ku sa ido sosai shi ne kayan gida. Tun da shafin sayayya na Temu ya shigo Najeriya a ƙarshen 2024, ga Jumia da sauransu tun da can, duk wani ɗan abin ado na Sin mai saye na iya ganinsa a wayarsa a farashin da ku ko a sari ba ku samu ba. Ba za ku ci wannan tseren ba, kada ku shiga. Amma ku shiga Kasuwar Kurmi wata safiya, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ku zauna wurin dukawa ku ga jaka da fulo da takalmi na jar fatar akuya, wadda fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya yi mamakin yawan tufafi da takalman da garin ke fitarwa. Ku je marinar Ƙofar Mata ku ga baba na sauka a jikin farin yadi. Ga faifai da kwando na kaba, ga tagullar Bida, ga azurfar Agadas, ga hular Bama, ga humra da turaren wuta na matan Maiduguri da Sudan. Ma'aikatar da ta yi baƙi daga Legas ko daga waje, ba ta son ba su kofin da aka yi a Sin, tana son abin da in an gan shi za a ce daga Kano ne. Yaranmu da ke karatu a waje su ma shi suke nema su kai wa malamansu.

Sai dai aiki da masu sana'ar hannu yana son haƙuri da gaskiya. Baduku ba inji ba ne, in kun ce jaka 50 iri ɗaya, ku ba shi samfur a hannu, ku ba shi kuɗin fata tun farko, ku ƙara mako guda a kan ranar da ya faɗa, ku kuma riƙa leƙawa. Ku shinshina fatar, wadda ba ta jemu sosai ba za ta cika akwatin kyauta da wari. Ku jiƙa gefen rinin ku goga a farin ƙyalle ku ga ko yana zuba. Ku duba ɗinki ta ciki da bakin zif. Abin da ke hana kayanmu shiga manyan wurare ba ƙwarewa ba ce, ƙarasawa ce, nan kuma ne mai kanti ke da abin yi: ya ce a sake wannan, a goge wancan, ya samo kwali mai kyau, ya rubuta 'yar takarda da ke faɗin inda aka yi abin da yadda aka yi shi. Kuma don Allah kada ku murƙushe mai yi a wurin ciniki sannan ku ninka kuɗin sau biyar a kanti. Yana da waya shi ma, zai gani, ranar da kuka fi bukatarsa zai ce fata ta yi wuya.

Waya ita ce ƙofar kanti ta biyu, wasunku ma ita kaɗai gare su, ba laifi, da yawa daga ɗakin uwarsu suka fara. Abu ɗaya zan ce a nan: hoton da kuka ɗora ya zama na abin da ke hannunku, a hasken rana, ba wanda kuka kwaso daga shafin wasu ba. Mai sayen kyauta daga nesa ba zai ga kayan ba sai a hoton da mai karɓa ta turo masa, in ya ga bambanci, a gaban wadda yake son burgewa kuka kunyata shi.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe. Mai kantin kyauta yana sanin abin da ko aminai ba su sani ba. Ya san wanda ke neman aure a ɓoye, da wanda ya yi laifi a gida yake neman shiri, da wanda ya saya wa uwargida na dubu kaza ya saya wa amarya na dubu kaza. Ya san wadda ta ci bashi don ta fita kunyar kishiya. Duk wannan a littafinku yake da wayarku. Kada ku ɗora hoton haɗi da sunan mai shi a jiki sai da izini, kada ku ɗora shi kafin ya isa hannun mai shi. Yaran kanti ma a ja musu kunne, don yawanci ta bakinsu magana ke fita. In oda biyu za su fita daga mutum ɗaya zuwa gida biyu, ni da kaina nake rubuta adireshin, in ba ɗan aike ɗaya ya kai ya dawo, sannan in ba shi na biyun.

Za a gwada ku kuwa. Kwanakin baya wata tsohuwar abokiyar cinikina ta shigo da rana tsaka, muka gaisa, ta zauna, ta sha ruwa, ta yi ta jan hira har ta gangaro inda take so. Ta ce, "Hajiya, an ce an ga motar Alhaji a nan shekaranjiya. Me ya saya ne?" Alhajin ya zo, ya kuma yi sayayya, akwatin ma yana bayan labule ana jiran ranar kaiwa. Na ce, "Hajiya, layin nan motoci ba sa ƙarewa. Miƙo hannunki ki ji wata humra da ta iso jiya daga Maiduguri." Ta harare ni, na ɗiga mata a bayan hannu. Ta shinshina, ta yi shiru, ta sake shinshinawa, ta ce a sa mata kwalba biyu.